A Koya Wa Ɗaliban Ilmin Halittu Yi Wa Jama'a Bayani

A shekarar 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta auka wa gonakin tumatir, har sai da Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin cikin watan Mayu. Ba sai an gaya wa manoman rani na Ikara da Makarfi da Kudan irin hasarar da aka tafka ba.

Dalilin da ya sa feshi ya kasa ba ɓoyayye ba ne ga masana. Tsutsar, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, takan kutsa cikin ganye ta riƙa ci daga ciki, inda yawancin magani ba ya iske ta. In kuma aka dinga maimaita magani iri ɗaya, sai masu jure masa su tsira su hayayyafa. Ɗalibin ilmin halittu na shekara ta uku zai iya rubuta wannan da Turanci ya ci jarrabawa. Amma a tsai da shi gaban dattawa a Hunkuyi, a ce ya faɗe shi da Hausa, a nan ake ganin inda aka bar shi a baya. Ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba.

Abin takaici, garuruwan nan ba su da nisa da Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona. Malaman gona kuwa, kowa ya sani, sun yi kaɗan.

Ga dama ta samu. Manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello da ta Jihar Kaduna su keɓe darasi guda daga ciki, mai maki, wanda ba a samun digiri sai da shi. Malaman Hausa su taimaka wajen daidaita kalmomi, don fassara ta kai-tsaye ta fi rashinta ruɗarwa. Jarrabawar kuma kada ta tsaya a takarda: a kai ɗalibi kasuwar Makarfi ko bakin fadama a Ikara, ya yi bayani, manoma su yi masa tambayoyi, malaminsa na gefe yana ba da maki. Kuɗin mota dai bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin uku ba.