Wanda Aka Manta A Bakin Akushi

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu ilmin zamani, wai abin da ke damun samari da 'yan mata yau shi ne ƙiba da rashin motsa jiki. Suna kafa hujja da Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce a 2020 ya kamata yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya motsa jikinsa awa guda kowace rana. Gaskiya ne, ko a Ƙaura Namoda a kan ga ɗan mai hali ya bar langa da kokawa, ya kwanta da waya da lemon kwalba, har ya yi teɓa. Amma irinsa nawa ne? Wanda ya kai wannan wa'azi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ya ɓata yawunsa. Yarinyar da ta yi daka tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta zaga gari da talla, ta cika awar nan tun kafin hantsi. Cikinta ne bai cika ba.

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara suka auna yara 97,149 a ƙasar Shinkafi da Zurmi, suka tarar tamowa ta kama 27 cikin ɗari. Waɗannan 'yan ƙasa da shekara biyar ne, madalla kuwa da aka auna su. To, yayyensu fa? Ɗan shekara goma sha huɗu ya wuce awon damtse, bai kuwa isa sa hannu a akushin manya ba. Alhali likitoci sun tabbatar kusan rabin nauyin da mutum zai yi a girmansa a shekarun balaga ya ke samunsa. Yarinya ta fi bukata, gama da zarar ta fara haila sai ta nemi abinci mai ƙara jini, watau wake da zogale da hanta. In ta rasa, sai jiri da kasala, a gida kuma a ce ragwanci ne.

Za a ce laifin ɓarayin daji ne. Ba mai musun wannan. Sun kore shanu har nono ya yi tsada, sun hana noma, a 2021 ma har gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Alhamis a Shinkafi. Ƙasar da jirgi ya iso Ƙaura a 1929 don kwasar gyaɗa da audugarta ta shiga wuya.

Amma ba ɓarayi ne suka tsara rabon tuwo a cikin gida ba. Tsoka ta maigida ce, ko da zaman majalisa ya wuni yana yi. Da almuru kuma ya tsaya wurin mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ya goge baki ya shigo gida. Saurayin da ya wuni da fartanya a ba shi saura, budurwa kuwa ta kankare ƙanzo. Sa'an nan a aurar da ita jikinta bai gama ginuwa ba, ta haifi jariri ɗan mitsitsi, nononta ya kasa. Bayan wata takwas sai ga ta a layin asibiti da shi a baya, ana naɗa masa awo a damtse, ita kuwa ba a tambayi abin da ta ci jiya ba.