Tambuwal da Kebbe: Ganye na nan a fadama, me ya sa yara ba sa ci?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani zai ga buhunan albasa da kwandunan tumatir da tattasai a gefen titi, daga Dogon Daji har cikin Tambuwal. Da damina kuma rama da tafasa da lalo suna fitowa ko ba a shuka su ba. Amma a gidaje da dama na Tambuwal da Kebbe, yaro zai cinye tuwo ya ture ganyen miya gefen kwano.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Sakkwato kuwa sun haura rabi. Binciken ya kuma ce kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran ƙasar suna fama da ƙarancin jini. Daga baya aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Nama da ƙwai da madara suka fi ƙarfin talaka. Abin da ya rage mai araha shi ne ganye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, mai shekara 6 zuwa 9 kuma giram 350. Tambayar ita ce: ta yaya za a sa ya ci ba tare da tsawa da bulala ba?

Wani bincike da aka wallafa a 2014 a ƙasar Suwizalan ya gwada yara 47 masu shekara 6 zuwa 10. Wasu suka taya iyayensu girki, wasu aka girka aka ba su. Waɗanda suka sa hannu a girkin sun ci haɗin ganye fiye da sauran da kusan kashi 76 cikin 100. Dalilin a fili yake: yaro yana ƙyamar abin da bai sani ba, amma abin da ya taɓa, ya sansana, ya ga yadda aka haɗa, ya zama nasa.

Abin da ya sa dabarar ta dace da mu shi ne ba sai an saye komai ba. Ɗan shekara uku zai iya tsinke zogale. Ɗan shekara biyar zai wanke alayyafo, ya daka ƙuliƙuli a ƙaramin turmi. Mai shekara takwas zai haɗa kwaɗon rama da kansa, ya ɗanɗana gishiri. Wuƙa da murhu da tafasasshen ruwa kam aikin manya ne, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Akwai ribar da uwa ma za ta samu. Man da ke cikin ƙuliƙuli yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin bitamin A na zogale da kabewa. Ɗanyen tumatir ko ɗan lemon tsami a kwaɗo yana sa jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙara jini. Yawan kanwa da dogon dahuwa kuwa suna kashe wani ɓangare na amfanin ganye.

Sai dai dole a faɗi gaskiya. Yaran Suwizalan ƙosassu ne, matsalarsu zaɓe. A ƙauyukan Kebbe da matsalar tsaro ta hana wasu manoma zuwa gona, damuwar ita ce abin da za a ɗora a tukunya. Haka kuma tsumburewa galibi tana faruwa ne tun daga goyon ciki zuwa shekara biyu, kafin yaro ya kai taya girki. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti yake buƙata, ba kwaɗo ba.

Akwai kuma al'ada. A nan madafi na mata ne, yaro namiji da ya zauna kusa da murhu sai a yi masa ba'a. Alhali shi ne gobe zai riƙe kuɗin cefane, ya zaɓi tsakanin ganye da lemon kwalba. Idan uba ya ɗauke shi zuwa lambu ko kasuwa, ya bar shi ya zaɓo karas da kansa, an rage rabin aikin.

Ƙananan hukumomin biyu ma suna da rawar takawa: lambu a makarantun firamare da Islamiyya, da nunin girki a ranakun awo da rigakafi. Kafin nan, bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida ta isa a fara. Idan yaro ya ƙi yau, a sake gwadawa jibi, don sau da yawa sai ya ɗanɗana abu kusan sau goma kafin ya karɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.