Mu Zaga Ƙasa: Wanda Ya Je Jos Me Ya Gani?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu ta matafiya wadda ta daɗe tana damuna. Mutum zai taso tun daga Kano ko Sakkwato har Jos, ya sauke kayansa, ya sayi dankalin Turawa, ya juyo gida. In ka tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce maka sanyi. Alhali kuwa a cikin garin ne Gidan Kayan Tarihi yake, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin wani Bature, Bernard Fagg.

Haƙar kuza ce mafarin abin. A 1928 mahaƙa suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok. A 1943 kuma aka kai wa Fagg wani daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Kawunan nan sun haura shekara 2,000, masu yin su kuwa har narka tama sun iya. Na san wasu za su ce gumaka ne. To, ba bauta za ka je yi ba. Shaida ce za ka gani cewa ƙasar nan ta san sana'a tun kafin Bature ya san hanyarta. Ɓarayin da suka shiga gidan a 1987 suka kwashi kaya, ai sun fi mu sanin darajarsu.

Amma inda ya fi kamata Bahaushe ya daɗe shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke gefe. Nan aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon nan, azara da ƙasa kawai, babu ƙarfe babu siminti, sa'an nan ka tambayi kanka magina nawa suka rage a unguwarku da za su iya ɗaure irinsa. Yaran da aka haifa a gidan bulo, a ina za su san tubali in ba an kai su ba?

Gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk yana bayan gari. A tafi da safe, kafin rana ta kora dabbobin inuwa, a kuma riƙe hannun yara sosai a bakin keji.