Hanyar Ƙauye, Marainiyar Kasafin Kuɗi

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka doshi watan Disamba, gwamnatoci sukan gabatar da kasafin kuɗinsu a gaban majalisu, gidajen rediyo su yi ta maimaita adadin miliyoyin da za a kashe, har mai sauraro ya rasa inda zai sa lissafin. A cikin kowane jawabi kuwa ba a rasa ambaton hanyoyin mota da raya karkara. To, amma manomin Marte ko na Kala-Balge ko na Cibok yana da nasa ma'aunin da yake auna waɗannan jawabai, watau ko mota za ta iya isa garinsu a watan Agusta, lokacin da ruwa ya zauna sosai. Idan ba ta iya isa ba, a wurinsa kasafin wannan shekara bai zo ba.

Ba za a ce Jihar Barno ba ta ga manyan ayyukan gwamnati ba. A shekarar 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rancensa na farko ga ƙasar nan, kuma da taimakon wannan kuɗi aka shimfiɗa dogon jirgin ƙasa daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauci da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964. Tsawon dogon ya kai kimanin kilomita 640. Kafin wannan lokaci sai an ɗauki gyaɗa da fatu da ƙiraga a mota zuwa Nguru ko Jos ko Kano kafin su hau jirgi. Da jirgi ya iso, Maiduguri ta zama matattarar kayan amfanin gona da dabbobi na gabas maso arewa baki ɗaya, har da na maƙwabta a Cadi da Kamaru. Yau an yi shekaru masu yawa jirgi bai shigo tashar Maiduguri da kaya ko fasinja ba. Tun kafin rikicin Boko Haram dogon ya fara mutuwa, saboda rashin gyara da rashin kayan aiki, rikicin kuma ya zo ya ƙarasa shi.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina shi tun daga Fatakwal har Maiduguri, tafiyar kilomita 1,443. A 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, watau ɗan guntun farko na can kudu. Mutumin Maiduguri da ke ƙarshen layi ya san matsayinsa a wannan jerin gwano.

Haka labarin yake game da babbar hanyar mota ta Kano zuwa Maiduguri. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da ita tagwayen hanya, aka raba ta kashi biyar: Kano zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Fataskum, Fataskum zuwa Damaturu, sannan Damaturu zuwa Maiduguri. Gwamnatoci suka zo suka wuce aiki yana tafiyar hawainiya. Sai da aka fito da takardun lamuni na Sukuk daga 2017, aka keɓe kuɗinsu ga wasu hanyoyi da aka ambata da sunansu, sannan aikin ya ɗan yi sauri. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ba da kwangilar ya gama makarantar sakandare kafin a ce an kusa kammalawa.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin wannan jinkiri, domin a nan ne sirrin kasafin kuɗi yake. Kuɗin da aka rubuta a takarda dabam, wanda baitulmali ya saki dabam. Kasafi yana da ɓangare biyu, na ayyukan yau da kullum kamar albashi, da na manyan ayyuka kamar hanya da gada. Idan kuɗin shiga ya gaza abin da aka yi tsammani, ba a iya taɓa albashi ko biyan bashi, saboda haka manyan ayyuka ne ke shan wuƙa. Ɗan kwangila idan ya ga ba a biya shi ba sai ya kwashe motocinsa, damina ta zo ta wanke ƙasar da ya tara. In ya dawo bayan shekara biyu, farashin siminti da kwalta da man gas ya tashi, sai ya nemi a sake duba kuɗin kwangila. Ta haka ake biyan kuɗin hanya ɗaya sau biyu ko sau uku. Bugu da ƙari, akan cusa ayyuka da yawa a cikin kasafi ɗaya don a faranta wa kowace mazaɓa, kowane aiki ya sami ɗan abin da ba zai kai shi ko'ina ba. A 'yan shekarun nan Majalisar Tarayya ta sha tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka zuwa shekara mai bi, wanda shi kansa shaida ce cewa ba a sakin kuɗin a kan lokaci.

To, idan wannan shi ne halin hanyoyin da ministoci ke zuwa dubawa da 'yan jarida a bayansu, ina ga hanyar da ta tashi daga ƙauye zuwa kasuwar mako? Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin ƙasar nan gida uku, na Gwamnatin Tarayya, da na jihohi, da na En'e waɗanda ƙananan hukumomi suka gada. A cikin hanyoyin Nijeriya da aka ƙiyasta tsawonsu ya kai kimanin kilomita 200,000, na Tarayya ba su wuce kimanin kilomita 35,000 ba, kusan kashi biyu cikin uku kuwa suna wuyan ƙananan hukumomi. Amma a tsarin rabon arzikin ƙasa da aka yi ta aiki da shi tun 2004, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Watau an ɗora kaya mafi nauyi a kan wanda ya fi kowa rauni. Wannan ɗan kason ma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

A Barno wannan rashin daidaito ya fi ciwo saboda yanayin ƙasar. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 a faɗin ƙasa da ya zarce murabba'in kilomita 70,000. Daga Dikwa zuwa Marte da Ngala da Kala-Balge ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta baƙin laka, wadda Barebari ke kira firki. Da rani takan bushe ta tsattsage, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta zama taɓo mai kama ƙafar mota. Ita ce ƙasar da ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, ana girbe ta da sanyin hunturu, saboda haka arziki ce ga manomi. Amma ga mai gina hanya masifa ce, domin babu burji babu dutse a kusa, sai an yi jigilarsu daga nesa, kamar wajen duwatsun Gwoza, kuma dole a ɗaga hanyar sama a zuba mata kwalbatoci masu yawa. Garin Rann, hedkwatar Kala-Balge, ya shahara da yankewa daga sauran jihar na wasu watanni a kowace damina. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya gina irin wannan hanya da abin da ya rage mata bayan ta biya albashin malaman firamare.

A wannan yanki ne kuma aka zuba ɗaya daga cikin manyan jarin da Gwamnatin Tarayya ta taɓa zubawa a Arewa. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi mai hedkwata a Maiduguri, aka shirya noman rani na alkama da shinkafa a kimanin hekta 67,000 a wajen Sabuwar Marte, da ruwan da za a jawo daga tafki ta babbar magudana. Sai fari ya zo, tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye nesa, a tsakiyar shekarun 1980 magudanar ta bushe. Manoma da masunta suka bi ruwan, suka kafa sababbin garuruwa a ƙasar da tafki ya bari, suna noma masara da wake suna banda kifi. Arzikin ya koma inda babu hanya, jarin ya tsaya inda babu ruwa.

Abin da rashin hanya ke yi wa aljihun manomi ba ɓoyayye ba ne. Farashin buhun wake a ƙauye shi ne farashinsa a Maiduguri bayan an cire kuɗin mota da ladan dillali. Direban akori-kura da zai shiga mummunar hanya yakan lissafa tayar da za ta fashe, da yinin da zai ɓata idan mota ta kafe, ya ɗora duka a kan kowane buhu. Inda mota ɗaya ko biyu kaɗai ke shiga ranar kasuwa, mai saye shi ke yanka farashi, domin manomi ba zai koma gida da tumatir ko albasa a ka ba. Taki da maganin feshi kuma su iso masa da tsada saboda wannan dalili. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 wannan lissafi ya ƙara muni. Mazaunin birni da ke kukan tsadar abinci a Kasuwar Litinin ko ta Gamboru yana biyan kuɗin ramukan hanyar da bai taɓa bi ba. Wannan duk maganar dukiya ce. Mace mai naƙuda da za a ɗauka a amalanke zuwa asibitin da ke nesa, tata maganar ta rai ce.

Masu mulki za su ce rashin tsaro ne ya hana aiki, kuma akwai gaskiya a maganarsu. A 2014 aka fasa gadar Gamborun Ngala da ke kan hanyar Kamaru da Cadi. An rufe hanyoyin Dikwa da Munguno da Baga da Bama na tsawon lokaci, ba a sake buɗe su ba sai tsakanin 2016 da 2018, shi ma da rakiyar soja. Akwai lokacin da mutumin Biu, wanda tsakaninsa da Maiduguri ta Dambuwa bai kai kilomita 200 ba, sai ya zaga ta Gombe da Fataskum da Damaturu. Babu ɗan kwangilar da zai kai ma'aikatansa inda za a sace su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyar da kwaltarta ta farfashe ita ce ta fi sauƙin binne nakiya, motar da ke rarrafe cikin ramuka ita ce ta fi sauƙin tarewa, garin da damina ta yanke kuma shi ne agaji ba ya isa a kan lokaci. Tun daga 2021 Gwamnatin Barno ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, tana mayar da jama'a garuruwansu. Mutumin da aka mayar gida ba tare da hanyar kai amfanin gonarsa kasuwa ba, ba da daɗewa ba zai sake komawa layin karɓar tallafi.

An taɓa gwada magance matsalar. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI don hanyoyin karkara da ruwan sha, aka share dubban kilomitoci na hanyoyin burji a faɗin ƙasar nan. Yawancinsu ba su daɗe ba suka lalace, domin an ba da kuɗin share su amma ba a bar wa kowa kuɗin kula da su ba. Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da akan raba hanya tsakanin leburori, kowane rukuni da nasa yanki, suna cike ramuka da share magudanai kafin ruwan farko ya sauka. Aikin ba ya buƙatar manyan injuna, sai dai albashi mai zuwa a kan kari da mai sa ido. Rashinsa ne ke sa ɗan ramin da shebur goma za su cike ya zama kwangilar miliyoyi bayan damina uku. Aikin gyara ba a yi masa bikin yanke ƙyalle, shi ya sa ba shi da mai so a wurin rabon kasafi.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata Majalisar Dokokin Barno da wakilan jihar a Abuja su tsaya a kansu. Kada a buɗe sabuwar kwangila sai an ware isasshen kuɗin ƙarasa wadda ke ƙasa. A keɓe wani kaso na dindindin daga kuɗin hanyoyi don gyara kaɗai, a hana karkatar da shi. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017 kuma hedkwatarta ke Maiduguri, ta ɗauki nauyin hanyoyin ƙasar firki da suka fi ƙarfin ƙananan hukumomi, tare da injiniyoyin soja a wuraren da farar hula ba za su iya shiga ba. Sannan duk bayan wata uku a buga sunan kowace hanya da kuɗin da aka rubuta mata da wanda aka saki, a karanta a rediyo da Hausa da Barbarci, yadda lawani da bulama za su san abin da za su tambayi ɗan majalisarsu idan ya zo gida.

Gadojin sama da aka gina a cikin Maiduguri, tun daga ta Kwastan da aka buɗe a 2021, sun rage cunkoso kuma sun ƙawata birnin, babu mai musun haka. Amma kifin Baga da waken Dambuwa da shanun da ke shigowa ta Gamboru su ne ke riƙe da kasuwannin birnin, kuma dukkansu ta hanyar ƙauye suke fara tafiya. Allah ya sa masu rabon kasafin bana su tuna da ita.