Tauraron teku: mafaraucin da ba a san darajarsa ba sai da ya ɓace

Wanda ya ga tauraron teku a hoto, ko busasshe a shagon sayar da tsaraba, da wuya ya ɗauke shi mafarauci. Ba shi da haƙori, ba shi da farce, ko kai ma babu. Sunansa na Ingilishi ya ce kifi ne, alhali ba kifi ba ne. Danginsa na kusa su ne bushiyar teku da ire-irenta. Duk da haka yana cikin mafarautan da suka fi tasiri a gaɓar teku, kuma kuɗin da ake kashewa yau a Amurka don ceto wani jinsinsa ba almubazzaranci ba ne, ko da yake ba a cin namansa.

Sai an san jikinsa za a gane hujjar. Jinsunansa sun kusan 2,000, galibi masu hannu biyar. Ba shi da ƙwaƙwalwa, sai zoben jijiyoyi kewaye da baki, wanda ke miƙa reshe cikin kowane hannu. Ruwan teku ne ke tafiyar da shi: yana shiga ta wata ƴar matata a bayansa, ya bi magudanai zuwa ɗaruruwan ƙananan ƙafafu masu kama da bututu da ke jere ƙarƙashin hannuwan. Ƙafar takan miƙe idan an turo mata ruwa, ta manne da dutse da wani ɗanko da take fitarwa, sannan ta saki. Da su yake tafiya, da su yake shinshino abinci. A ƙarshen kowane hannu kuma akwai ɗan ido, wanda ba ya gani sosai amma yana bambance haske da duhu da manyan siffofi.

Cin abincinsa ne abin mamaki. Abin da ya fi so shi ne halittun nan masu ɓawo biyu da ke rufe kansu gam kamar akwati. Sai ya hau kansu, ya manna ƙafafu a ɓangarorin biyu, ya yi ta ja cikin haƙuri. Da zarar an samu tsaga, ko da ba ta kai milimita ɗaya ba, sai ya turo tumbinsa waje ta baki, ya zura shi ciki, ya narkar da naman a cikin gidan mai shi, ya shanye.

A 1963 wani masanin halittu, Robert Paine, ya zaɓi wani yankin duwatsu a gaɓar Makah ta jihar Washington, ya riƙa ɓamɓare taurarin yana wurga su can cikin teku. Ba a jima ba jinsunan da ke wurin suka ragu daga 15 zuwa 8, domin masu ɓawo biyun sun rasa mai tsawata musu, suka mamaye dutsen, suka kori kowa. A 1969 ya kamanta irin wannan halitta da dutsen da magina ke sakawa a tsakiyar ƙofa mai lanƙwasa, wanda idan aka zare shi sauran su rufto.

Abin da Paine ya gwada a ɗan fili, annoba ta maimaita shi a dubban kilomitoci. Daga 2013 wata cuta ta afka wa taurarin teku tun daga Alaska har Meziko: gyambo ya fito a jiki, hannuwa su ɓalle, cikin ƴan kwanaki naman ya zagwanye. Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne wani ƙato mai hannuwa har 24, da ƙafafu kusan 15,000, mai iya tafiyar mita guda a minti ɗaya, wanda a wajen danginsa gudun fanfalaƙi ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa suka mutu, har a 2020 hukumar IUCN ta sa shi cikin masu dab da ƙarewa. Shi ne kuwa mai cin bushiyar teku. Da ya kau, bushiyoyin suka yi yawa, ɗumamar ruwa ta 2014 zuwa 2016 ta ƙara dagula al'amari, sai arewacin Kalifoniya ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na dazuzzukan doguwar ciyawar teku inda kifaye ke fakewa. A 2018 aka rufe kamun abalon, wani babban dodon-koɗin teku mai tsada, saboda yunwa ta ƙarar da shi. Garuruwan da ke samun kuɗi daga masu nutso su ne suka biya farashin.

Mai ja da wannan ra'ayi zai nuna Ostareliya, kuma yana da gaskiya. A can wani tauraro mai ƙaya yana cin murjani, kuma binciken 2012 ya ɗora masa kashi 42 cikin ɗari na asarar murjanin da babban tudun murjani na ƙasar ya yi tun 1985. Masu nutso suna bin sa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa allurar ruwan tsami. Sara shi gunduwa-gunduwa ba dabara ba ce, tunda tauraron teku na iya sake tsiro da hannun da ya rasa. Sai dai wannan bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi. Halittar da yawanta ke cinye murjani, ƙarancinta kuma ke shafe daji, ba wadda za a bari ba lissafi ba ce, kamar yadda aka daɗe ana yi saboda ba ta da fuskar da za ta ba mutum tausayi.

Tun 2019 masana a cibiyar Friday Harbor ta Jami'ar Washington suke kiwon mai hannuwa 24 a cikin tankuna, da niyyar mayar da shi teku. A 2025 kuma aka gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa cutar, mai suna Vibrio pectenicida, bayan shekara goma sha biyu ana lalube. Yanzu ana iya gwada ruwa da dabba kafin a saki waɗanda aka raina, a kuma nemo masu jure cutar a hayayyafa su. Aiki ne na shekaru masu yawa, bushiyoyin kuwa suna nan jibge a kan duwatsun da ciyawar ta bari.