Manhajar Hadda Ba Za Ta Koya Wa Ɗalibi In, On Da At Ba

Ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum masu shirin JAMB sun cika wayoyinsu da manhajojin tsofaffin tambayoyi. Sai dai a tambayoyi 60 na Turanci, hadda ba ta fitar da ɗalibi idan aka zo kan in, on da at.

Hausa da “a” ɗaya take aiki: a Gummi, a kasuwa, a ranar Litinin. Turanci kuwa ya raba su uku: in Gummi, at the market, on Monday. Kunne ne ke sabawa da wannan bambanci.

Gara ɗalibi ya sauke darussan BBC Learning English duk lokacin da sabis ya samu, ya riƙa saurare kullum. Datar da ake ƙonawa a TikTok ma ta isa.