Gidajen Kan Ruwa na George Town: A Kare Mazauna Kafin Katako

A bakin tashar jiragen ruwa ta George Town, a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, akwai unguwannin da aka kafa bisa turaku a cikin teku. Lungunansu katako ne, ruwa na kai da komo a ƙarƙashi. Kusan kowace unguwa tana amsa sunan dangin da ya gina ta: Chew, Lim, Tan, Lee, Yeoh. Kakanninsu 'yan ci-rani ne daga lardin Fujian na ƙasar Sin, suka zo dako da tuƙin kwale-kwale a garin da Bature Francis Light ya kafa wa kamfanin cinikin Ingila a 1786. Sabon zuwa yakan sauka wurin ɗan danginsa ya samu makwanci da aikin yi, kamar yadda Bahaushe ke sauka a zangon Kumasi.

A 2008 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin murna ne, sai dai bai riski dangin Koay ba. Su asalinsu Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, sana'arsu gawayi, kuma tun 2006 aka rushe unguwarsu don a gina dogayen benaye. Tazarar shekara biyu ce kacal.

Cikin gari ma bai tsira ba. Da shigowar shekarar 2000 aka soke dokar da ta daɗe tana hana tsawwala kuɗin haya. Haya ta yi tashin gwauron zabo, masu sana'ar hannu da tsofaffin 'yan haya suka tattara komatsansu. Gidajen nan masu shago a ƙasa da ɗakin kwana a sama, da yawansu yau otal ne ko wurin shan gahawa. An yi musu fenti sun yi kyau, wannan ba musu. To amma ina masu su?

A unguwar Chew kuwa, shagunan tsaraba sun jeru, baƙi na ɗaukar hoto har ƙofar ɗakin mutane. Abin da ya fi ciwo shi ne, iyalan da suka gaji wurin tun kaka da kakanni har yanzu da takardar izinin zama ta wucin gadi suke zaune, wadda ake sabuntawa shekara-shekara. Wa zai kashe dukiyarsa wajen sauya turakun da gishirin teku ya cinye, alhali bai san makomarsa baɗi ba?

Ya kamata gwamnatin jihar Penang ta ba su izinin zama mai dogon wa'adi, ta kuma ware wani kaso na kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa don gyaran turakun.